Ina mutanen sunka tafi? Sharhi kan hotuna arba'in na tsohon gari

Ƴan uwa, a daren Asabar ɗin da munka taru a fada bayan isha'i, ɗan uwanmu da muke kira Mai Hoto ya miƙo mana salularsa, ya ce mu duba aikin da ya yi cikin hutu. Hotuna arba'in ne. Mafi yawansu ya ɗauke su a tsoffin lungunan nan Badagishiri, wasu a cikin tsohon garin Konni, biyu ko uku kuma a ƙauyukan hanyar Illela. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har shayi na uku ya huce. Kowa sai cewa yake, “Kai, wanga kamar ba nan ba!” Ni ma na faɗa. Sai da na koma gida na kwanta sannan maganar ta dame ni. Don me in za mu yaba hoton garinmu sai mun ce bai yi kama da garinmu ba?

Washegari na roƙe shi ya turo mini su duka, na ce masa ina so in yi rubutu a kansu. Ya ce, “Rubuta mana, in dai ba zagi za ka yi ba.” To ba zagi zan yi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun san injin fotokopi da ke buga mana wanga ɗan littafi ba ya iyawa da hoto, mayar da shi yake baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Don haka da baki zan kwatanta muku su. Wanda ke son gani da idonsa, ya san inda Mai Hoto yake zama.

Bari in fara da dalilin da ya sa aikin ya shiga raina. Gidan kakata yana da zaure mai tulluwa, mai faɗin da jaki da kayansa ke juyawa a ciki ba tare da ya gogi bango ba. Nan kakanmu yake karɓar baƙi, nan anka ɗaura auren iyayena. Ina ajin ƙarshe na firamare wata damina ta tsaga shi, kawunmu da ke Abijan ya aiko da kuɗi, anka tada shi anka yi shago biyu na bulo a wurin. Yau in na ba ƙannena labarin zauren, dariya suke yi, suna cewa ina ƙarin gishiri. Ba ni da abin da zan nuna musu, ko hoto ɗaya babu.

Kuma abin bai tsaya gidanmu ba. A watan Satumba 2024 duk mun ga bidiyon tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, yana zubewa bayan ruwan sama mai yawa. A Yamai, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, sannan daga 2016 anka yi ta rusa rumfuna da shagunan bakin titi, ana gyaran birni kafin taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019. Wanda ya san Tawa kafin bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017 ya san akwai wuraren da in ya koma yau sai ya yi tambaya. Konni kuwa, yadda take kafin sojojin Voulet da Chanoine su ƙone ta a 1899, sai dai abin da munka ji a bakin tsofaffi. Saboda haka duk saurayin da ya ɗauki waya ya shiga lungu don ya ajiye mana kamannin wuri kafin ya ɓace, ya cancanci a gode masa kafin a ce masa komai.

Kuma Mai Hoto yana da ido, wannan ba gardama. Ya san lokacin da rana ke yi wa ginin ƙasa adalci, wato da hantsi kafin ta take, da kuma bayan la'asar. A hoto na 4 ya kama inuwar indararo ta miƙe a jikin bango, har kana iya ganin sawun yatsun wanda ya yi yaɓe. A na 11 akwai rufewa uku a jere, manya, irin namu na Adar, ɗaya ta fashe a ciki har ana hangen kaurin ginin. Ni da na tashi ina wasan ɓuya a bayan rufewa, ban taɓa lura da yadda magini yake rage kaurinta in ya doshi sama ba sai a wanga hoto. Wanda ya sa ka ga abin da kake wucewa kullum ba ka gani ba, ya yi aiki.

Amma ga abin da na ƙirga. Cikin hotuna arba'in, talatin da ɗaya babu mutum ko ɗaya a ciki. Babu yaro, babu akuya, babu ko kaza. Ku da kunka san lungunanmu, ku gaya mini wane lokaci ne lungu yake zama haka? Na raka shi fita sau ɗaya, na ga yadda ake yi. In ya saita waya, sai yara su yo caa, shi kuma ya yi ta korarsu: “Ku gusa, ku gusa, kuna ɓata mini hoto!” Ya kan jira mai tallan fura ta wuce, ya jira ɗan kabu-kabu ya fice, sannan ya danna. Bayan haka in ya koma gida sai ya yanke gefen da kwano ya fito, ya yanke farantin sola da ke kan soro, ya cire launi ya mayar da hoton fari da baƙi don ya yi kamar na zamanin da.

Sakamakon shi ne garin da ke cikin wayarsa ya zama kufai. Wanda bai san mu ba, in ya gani, zai ɗauka mutanen wurin sun watse tun shekara hamsin, sun bar bango yana jiran faɗuwa. Alhali a bayan bangon da ke hoto na 4 akwai gida mai mutum goma sha wani abu, ana daka, ana faɗa, ana kallon ƙwallo a waya. Unguwar tana raye, hoton ne ya kashe ta tun kwananta bai ƙare ba.

Na tambayi kaina inda munka koyo wanga ido. Ina jin daga hotunan baƙi ne. Iri biyu munka saba gani a kanmu. Akwai na ƴan proje, inda ake neman yaro mai ƙwanƙwasasshen ciki ko mace da tulu a ka, don a nuna akwai buƙata. Akwai na ƴan yawon buɗe ido, inda ake neman ginin ƙasa da raƙumi da faɗuwar rana, don a nuna wuri ne da zamani bai taɓa ba. Mai Hoto ya guje wa na farko, Allah ya saka masa. Amma ya faɗa cikin na biyu bai sani ba. Shi ya sa munka ce “kamar ba nan ba”. Da idon baƙo ya kalli ƙofar gidansu, mu kuma munka yaba masa da bakin baƙi.

Da na faɗa masa haka, ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata in kawo ta nan don adalci. Ya ce wani mushe ya taɓa nuna musu aikin Eugène Atget, Bafaranshen da ya yi kusan shekara talatin yana ɗaukar tsoffin titunan Paris har ya mutu a 1927, kuma yawancin titunan nasa babu kowa a ciki, duniya kuma ba ta ce ya yi laifi ba. Gaskiya ne. Sai dai akwai abu biyu. Na ɗaya, Atget da sassafe yake fita da ƙaton akwatin hoto mai ƙafa uku, irin wanda in mutum ya gifta da sauri sai ya fito kamar hayaƙi ko ya ɓace. Wayar Mai Hoto ba ta da wagga matsala. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, Atget yana sa wa hotunansa lamba, yana rubuta sunan titi, shi ya sa har yau ana iya zuwa a tsaya inda ya tsaya a gwada da da yanzu. Kuma bai tsaya ga bango ba, ya ɗauki masu talla da masu tsintar tsumma a bakin birni. Hotunan ɗan uwanmu kuwa ba suna, ba rana, ba unguwa. A ƙarƙashin kowane ɗaya abin da ya rubuta a Facebook shi ne “Allah sarki, jiya ba yau ba.” Nan da shekara ashirin, wa zai iya cewa wanga bango na Konni ne ko na Badagishiri, balle a ce gidan wane ne?

Wannan “Allah sarki” ɗin ita ce matsalata ta biyu. Hotunan suna kuka, amma ba su tambayi dalili ba. Ranar da na raka shi, muna tsaye gaban wani ɗaki da ya tsage tun daga sama har ƙasa, sai wata tsohuwa ta leƙo. Munka gaishe ta, ta amsa, sannan ta dubi Mai Hoto ta ce, “Kai ɗan nan, mi kaka ɗauka? Bangon ga?” Ya ce, “I, Inna, kyau gare shi.” Ta yi dariya ta ce, “To in kana son shi, taho ka kwana cikinai ran da hadari ya taso. Ni dai ɗana ya ce bana in Allah ya yarda siminti za a yi min, in samu barci.” Munka yi dariya mu ma, amma ni tawa ta ciki na ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da Mai Hoto duk a ɗakin siminti muke kwana, kwano a samanmu. Da wane baki za mu ce wa Inna ta zauna cikin tsagaggen ɗaki don hotonmu ya yi kyau?

Dalilan da ke cinye tsohuwar unguwa ba ɓoyayyu ba ne, muna ganinsu kullum. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, kowace shekara ko biyu sai an bi shi kafin ruwa ya sauka. Yaɓe kuwa hannu yake so, hannun kuma yana Abijan, yana Libiya, yana Legas wurin bida. Wanda ya tafi ba ya nan balle ya kwaɓa ƙasa, abin da zai iya shi ne ya aiko da kuɗi, kuɗin kuma siminti suke saye, don shi ba ya neman a bi shi kowace shekara. Simintin ma ba daga nesa yake zuwa ba, ga masana'antar Malbaza nan kusa da mu tun shekarun 1960, motocinta a gabanmu suke wucewa. Ga azara ta yi wuya, ga gayya ta ja baya, ga gado in an raba gida kowa ya ja katangarsa. Ga kuma maganar da ba mu son faɗi: saurayi in zai yi aure yau, ɗakin ƙasa ragin daraja ne a idon dangin amarya. Duk wanga labari ana iya ɗaukarsa a hoto. Buhun siminti a jingine da tsohon bango hoto ne. Tsohon magini zaune yana kallon yara suna buga bulo hoto ne. Mai Hoto ya yanke su duka ya zubar, ya bar mana bango da hawaye.

Kuma ba dole ba ne labarin ginin ƙasa ya zama na makoki. Ga Yama nan kusa da mu. Masallacin Juma'arta, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, da ƙasa anka yi shi, mutanen gari sunka sa hannu, anka yi ta ƙara masa gini shekara da shekaru, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Masana daga ƙasashe suna zuwa kallonsa, mu kuwa da yawanmu ba mu taɓa taka ƙafa mun je ba. A Dandaji kuma, maimakon a rushe tsohon masallaci, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara aikin da ya mayar da shi ɗakin karatu, anka gina sabo a gefensa, aikin ya kammala a 2018. Wato inda hannu da shawara sunka haɗu, ƙasa tana tsayawa. Mai ɗaukar hoton da ya nuna mana masu faɗuwa kaɗai, rabin magana ya faɗa.

Yanzu bari in zo ga hoton da ya sa na ce lalle sai na yi wanga rubutu, wato na 17. Ranar kasuwa ya ɗauke shi, a bakin wani lungu, kuma ya ce mini saura kaɗan ya goge shi don “ya cika hayaniya”. Ga abin da ke ciki. Tsohon zaure ne, rabin fuskarsa an shafe da siminti, rabi yana nan da yaɓensa na da. A kan soron akwai farantin sola, waya ta sauko zuwa teburin wani yaro mai cajin salula. Ɗan kabu-kabu yana ƙoƙarin shiga lungun da rago ɗaure a bayansa, ragon ya juyo yana kallon mai ɗauka. Wata yarinya da allo a hammata ta manne da bango don ta ba shi hanya. A gefe ga buhunan albasa, wani dattijo zaune a kansu da rediyo a kunne, bai ma san ana yi ba. Bai samu zarafin korar kowa ba, bai kuma cire launin ba.

Wanga hoto shi kaɗai ya fi sauran talatin da tara gaya mini gaskiya. A cikinsa ina ganin abin da ke tafiya da abin da ke zuwa, a bango guda. Ina ganin abin da muke ci, da abin da muke hawa, da faɗin lungunmu da bai ishi babur da yarinya su gifta tare ba. In jikan yarinyar nan ya gan shi wata rana, zai san yadda kakarsa ta rayu.

Manyan masu hoton yankinmu ma ta nan sunka bi. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya yi shekarun 1960 da 1970 yana bin matasan Yamai wuraren rawa da shaƙatawa da bukukuwa. Bai fita da niyyar ajiye tarihin gini ba, mutane yake bi. Amma yau wanda ke son ganin Yamai ta farkon ƴancin kai, da tufafinta da kujerunta da ƙofofinta, hotunansa yake nema. Haka Malick Sidibé na Bamako, wanda anka ba babbar kyautar Venise a 2007, ya rasu a 2016. Shi in ya dawo daga biki sai ya wanke hotuna ƙanana, ya manna su a jikin takarda mai kauri, ya sa lamba da rana da sunan ƙungiyar da ta yi bikin, don masu shi su zo su zaɓa su saya. Dabarar neman abinci ce, amma ita ta sa yau aka san wane dare ne, su wane ne. Kuma ku lura, mutanen da ke cikin hotunan nan sun san ana ɗaukarsu, sun so, har gyara tsayuwa suke yi.

Wannan ya kawo ni ga hoto na 29, wanda shi ne kaɗai na ce masa bai kyauta ba sam. Wata katanga ce ta zube, ta wurin giɓin ana hangen tsakar gida, wata mata tana daka da ɗaurin ƙirji. Bai yi sallama ba, bai tambaya ba, ya ɗauka ya sa a Facebook. Na ce masa, “In da yayarka ce fa?” Ya yi shiru, daga baya ya cire. Na kawo maganar ba don in tona shi ba, shi da kansa ya yarda in faɗa, don kuskure ne da kowannenmu mai waya zai iya yi. A littattafan Turawa ana koya wa mai hoton titi ya zama kamar ɓarawo, ya ɗauka kafin a farga. Lungunmu ba irin titinsu ba ne. Lungu a nan ci gaban gida ne, mata suna fitowa cikinsa yadda ba za su fita kasuwa ba, don sun san duk mai wucewa ɗan gida ne. Faɗuwar katanga ba ta ba kowa izinin leƙe ba. Kuma mu ba baƙi ba ne da za mu ɗauka mu hau mota, gobe da safe a rijiya ko a masallaci za mu haɗu da mijinta.

Wani zai ce in ka tambaya, mutum zai daskare, hoton ya lalace. Ni ina ganin maganin wannan zama ne. Ka je yau ka gaisa, ka je gobe ka sha ruwa, ka nuna musu abin da ka ɗauka jiya su yi dariya. Ran na huɗu ba wanda zai kula da wayarka. Wannan ita ce ribar da muke da ita wadda baƙo ba ya da ita, ga harshe, ga lokaci, ga sanin wane ɗan wane. Abin takaici ne mu bar ta mu koma kwaikwayon wanda ya zo na kwana biyu.

Saura magana ɗaya, ta ajiya. Hotunan nan arba'in a waya ɗaya suke, mai fasasshen gilashi. In ta faɗa ruwa ko anka zare ta a kasuwa, shi ke nan, sun bi zauren kakata. Waɗanda ya tura mana ta WhatsApp kuma an matse su, in ka buɗa su da girma sai su dagule. Don haka ga shawarata ga ƙungiya, a tattauna ta a zama mai zuwa. Kowa ya riƙa kawo dala ashirin a mako. In sun taru, a zaɓi hotuna goma a kai Konni ko Tawa a wanke su a takarda, kowane guda biyu. Ɗaya a kai wa masu gidan da anka ɗauka, ɗaya a manna a babban kaye, a rubuta a ƙasansa rana da unguwa da sunan gidan, da wanda ya gina in an sani, da abin da tsofaffin gidan sunka faɗa. Mu da muke taƙama da rubutu, ga aikinmu nan: shi ya ɗauka, mu mu tambaya mu rubuta.

Mai Hoto, ɗan uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Cikinmu duka kai kaɗai ka tashi ka shiga rana, mu muna fada muna surutu. Abin da nake roƙo, in ka koma, ka bar yaran su shigo, ka bar kwanon da solar a inda suke, ka yi sallama, ka rubuta rana. Kuma ka fara da ɗakin Inna, don ta ce bana za a tada shi. Ka ɗauke ta a ƙofarsa in ta yarda, ka dawo ranar da ake rushewa, ka sake dawowa ranar da ta kwana a sabon. In ka sa rana ka gaya mini, ni zan riƙe kaye da biro.

Allah ya sa mu dace.